Idan Murjanin Tankinka Ya Fara Koɗewa: Yadda Ake Gano Dalili a Dawo da Launi

Murjanin da muka saba gani a wuyan mata ƙashin wata halitta ce ta Bahar Rum mai suna Corallium rubrum. Jansa a cikin ƙashin yake, shi ya sa ake gadonsa daga kaka zuwa jika launin yana nan daram. Wanda ake kiwo da ransa a tankin ruwan gishiri ya sha bamban. Ƙashinsa fari ne kamar alli, kuma duk koren nan da shuɗin da ruwan hodar da suka ja hankalinka a shago suna cikin wata siririyar tsoka ce da ta lulluɓe ƙashin, wadda a irin su Acropora, murjani mai rassa, kaurinta bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Abu kaɗan ke taɓa ta.

Launin daga wuri biyu yake fitowa. A cikin tsokar akwai gansakuka mai ƙwaya ɗaya, wadda ido ba ya gani, ana ce mata zuksantele. Tana haɗa abinci da haske tana ciyar da murjanin, launinta kuma ruwan ƙasa ne mai ɗan ratsin zinare. Sai kuma sinadaran furotin masu launi da murjanin ke ƙerawa da kansa, su ne kore da ja da shunayya, wasunsu suna ƙyalli a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Idan gansakukar ta yi yawa, ruwan ƙasanta ya danne sauran launuka. Idan ta ragu, murjanin ya yi fayau. Idan ta fice gaba ɗaya, farin ƙashi ya bayyana ta cikin tsoka. Ke nan kalmar "koɗewa" ta ƙunshi matsaloli daban-daban, kuma maganin wata guba ne ga wata.

Mataki na farko: wace irin koɗewa ce?

Kashe shuɗiyar fitila, ka bar fara kaɗai, ka tsayar da famfunan motsa ruwa na minti biyar don saman ruwa ya kwanta. Ka leƙa daga sama, ka ɗauki hoto. Wannan hoton za ka riƙa maimaitawa kowane mako, a sa'a ɗaya, da saitin fitila ɗaya, domin idon da ke kallon tanki kullum ba ya lura da canjin da ke zuwa a hankali.

Abin da za ka gani ba zai wuce huɗu ba. Ko dai murjanin ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu, 'yan bakunansa, wato ƙananan halittun da suka haɗu suka zama murjanin, a buɗe, yana girma lafiya: gansakuka ta yi yawa, saboda ƙarancin haske ko yawan datti a ruwa. Ko ya yi fayau kamar atamfar da ta sha rana, launukan suna nan amma ba jini a jikinsu: galibi yunwa ce, ko haske ya yi yawa. Ko ya yi fari fat cikin 'yan kwanaki alhali tsokar tana nan: firgita ce ta zafi ko haske ko guba. Na huɗun shi ne tsokar ta saɓule ta bar ƙashi tsirara, da iyaka bayyananna tsakanin mai rai da matacce.

Bambance na uku da na huɗu yana da muhimmanci ƙwarai. Kunna shuɗiyar fitila ka matso da gilashin ƙara girma. Idan farin wurin yana ɗan ƙyalli, ko ka hango 'yan bakuna garai-garai kamar gilashi suna motsi, da ransa, kuma ana iya ceto shi. Idan ka ga ramukan ƙashi da kaifinsu ƙarara, wurin ya mutu.

Sai ka dubi inda koɗewar take. Idan ta game tankin, har da nau'o'i daban-daban, ruwa ne ko zafi. Idan saman rassan da ke fuskantar fitila ne suka yi fari, ƙasansu da launi, haske ne. Idan daga gindi ta faro tana hawa, ka zargi inuwa ko rashin motsin ruwa ko ƙwari. Idan jinsi ɗaya kaɗai ta kama, misali duk Montipora sauran lafiya lau, kusan kullum ƙwari ne. Idan gefe ɗaya ne, dubi maƙwabcinsa.

Mataki na biyu: me ya canza?

Ruwa ba ya tsami banza. Zauna da takarda ka lissafo duk abin da aka yi wa tankin cikin mako shida da suka wuce: sabuwar fitila, sabon buhun gishiri, gawayin tacewa, maganin rage fosfet (sinadarin da dattin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa), sabon kifi ko mutuwar wani, ɗauke wuta na dogon lokaci, fentin ɗaki, feshin maganin sauro. Murjani ba ya nuna ciwo a ranar da aka cuce shi. Sau da yawa sai bayan mako biyu ko uku, lokacin mai tanki ya manta abin da ya yi.

Har ka gama gwaje-gwajen da ke ƙasa, kada ka zuba komai, kada ka matsar da murjanin, kada ka taɓa saitin fitila. Zafi da guba ne kaɗai ake yi wa gaggawa. Yawancin murjanin da ke mutuwa bayan koɗewa hannun mai shi ne ke ƙarasa shi: ya canza fitila yau, gobe ya canza rabin ruwa, jibi ya zuba kwalabe uku, garin neman gira a rasa ido.

Mataki na uku: zafi da gishiri

Ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, kuma bambancin dare da rana kada ya wuce digiri ɗaya. Auna da asuba, ka sake aunawa wajen ƙarfe huɗu na yamma, da ma'auni biyu daban, don ma'aunin da ake liƙawa a jikin gilashi yana yawan ƙarya. Idan ruwa ya kai 29 ko 30 ya kwana biyu a haka, na'urar haɗa abinci ta cikin gansakukar takan lalace ta fara fitar da sinadaran iskar oksijin masu ƙona tsoka, sai murjanin ya tofar da ita don ya tsira. Abin da ke faruwa a teku ke nan: hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa duniya ta shiga farin murjani na gama-gari karo na huɗu, bayan na 1998 da 2010 da na 2014 zuwa 2017. A can, ƙarin digiri ɗaya a kan zafin da aka saba gani a watan da ya fi zafi, idan ya ɗauki makonni, ya isa.

Ga mai tanki a Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ne zargi na farko daga Maris zuwa Mayu. Buɗe murfin tanki, ka kafa fanka tana hura saman ruwan. Tururin da ke tashi yana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, ya fi haka ma idan iska busasshiya ce. Rage ƙarfin fitila da kashi 30 cikin ɗari har zafin ya sauka, domin zafi da haske haɗuwa suke su yi ɓarna. Don gaggawa, robar lita ɗaya da rabi ta ƙanƙara, a toshe da kyau, tana sauke ruwan tanki mai lita 200 da abin da bai kai digiri ɗaya ba. Wannan lissafin ya nuna maka cewa ƙanƙara taimakon wuni ɗaya ce. Wanda zai riƙe Acropora a wannan yanayi sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai iyakwandishan. Da hunturu kuma hita ake buƙata, kimanin wat ɗaya ga kowace lita, kuma a haɗa ta da na'urar yanke wuta ta daban, saboda hitar da ta maƙale a kunne takan dafa tanki cikin dare ɗaya.

Idan an ɗauke wuta, fitila ba ta da gaggawa. Murjani zai yi kwana biyu ko uku a duhu ba abin da zai same shi. Iska ce ke fara ƙarewa. Famfo ɗaya mai kaɗa saman ruwa a kan inbata, ko ɗan famfon iska mai batir, shi ne abin da ba a wasa da shi.

Gishiri kuwa 35 ppt ake nema (giram 35 a kowane kilo na ruwa), wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Kafin ka yarda da rifraktomitarka, wato na'urar auna gishirin ruwa, saita ta da ruwan gwaji na 35 ppt. Idan babu, narkar da giram 36.5 na busasshen gishirin girki a giram 963.5 na tataccen ruwa. Wannan haɗin yana karya haske daidai da ruwan teku na 35. Saita ta da ruwan zalla kan bar kuskure a daidai inda kake aunawa, ka yi wata shida kana tsammanin kana kan 35 alhali kana 32 ko 38. Ka tuna gishiri ba ya bin tururi: tanki mai lita 200 da ya rasa lita 4 ya tashi daga 35 zuwa 35.7. A riƙa cike gurbin kullum da tataccen ruwa marar gishiri. Idan akwai gyara, kada ya wuce 1 ppt a rana.

Mataki na huɗu: naitiret da fosfet

A nan ne yawancin amsoshi suke ɓoye, kuma a nan ne tsohuwar koyarwa ta fi cutar da mutane. An daɗe ana cewa ruwan tankin murjani sai ya zama sifili a naitiret da fosfet, sinadarai biyu da datti ke bari a ruwa. Da kayan tacewa na yanzu, sifilin na gaske yana samuwa cikin sauƙi, kuma sakamakonsa murjani fayau mai siririyar tsoka. A teku waɗannan sinadarai kaɗan ne a ruwa, amma murjani yana cin ƙananan halittu dare da rana, igiyar ruwa tana kawo masa sabo. A cikin gilashi babu wannan gatan.

Abin da ke aiki ga tanki mai nau'o'i gauraye shi ne naitiret tsakanin 2 zuwa 10 ppm (kusan miligiram a kowace lita), fosfet tsakanin 0.03 zuwa 0.1 ppm. Naitiret ana iya auna shi da kayan gwaji na ɗigo irin na Salifert ko Red Sea. Fosfet a wannan ƙanƙantar ido ba ya iya bambance launinsa, sai da na'ura mai karantawa irin ta Hanna. Lura da wadda ke hannunka: HI736 tana ba da fosfaras ne a ppb (kashi ɗaya cikin dubu na ppm), sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1000. Idan ta nuna 10, fosfet ɗinka 0.03 ppm ne. A wanke kwalbar gwajin da tataccen ruwa, a goge zanen yatsa kafin a saka ta.

Mafi haɗari shi ne naitiret ya yi sama, fosfet ya zama sifili. Binciken Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila, wanda ya fito a 2013, ya nuna cewa a irin wannan hali gansakukar tana ta hayayyafa saboda yawan naitirojin, fosfet ɗin bai ishe ta ba, sai fatar ƙwayoyinta ta raunana, zafi ko hasken da da za ta jure ya zama sanadin fari. Wanda ya cika buhun GFO, tsakuwar da ke shanye fosfet, ya bar naitiret a 25 ya jefa tankinsa cikin wannan ramin da hannunsa.

Idan gwaji ya nuna yunwa, ga yadda ake bi. Cire GFO. Idan kana zuba binega ko wani abincin bakteriya don rage datti, rage rabi a makon farko, sannan ka ci gaba da ragewa; yankewa lokaci ɗaya na sa naitiret ya yi tsalle. Rage sa'o'in fitilar ciyawar ruwan da ake shukawa don shanye datti a tankin ƙasa (ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban), ka sassauta sikima, na'urar da ke cire datti da kumfa, ta riƙa fitar da kumfa busasshe. Ƙara wa kifi ciyarwa ɗaya a rana. Ka ba wannan mako biyu. Idan har yanzu sifili ne, sai a zuba kai tsaye, kuma fosfet ake fara ɗagawa kafin naitiret.

Haɗin fosfet: giram 1.43 na fotasiyam fosfet (KH2PO4) a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Mililita ɗaya a kowace lita 100 na ƙara 0.01 ppm. Zuba 0.02 ppm a rana, ka auna washegari. Kada ka yi mamaki idan ka tarar da sifili kwana da kwanaki. Duwatsu da yashi suna shanye fosfet har sai sun ƙoshi kafin ya tsaya a ruwa. Haɗin naitiret: giram 13.7 na sodiyam naitiret (NaNO3) a lita ɗaya. Mililita 10 a kowace lita 100 na ƙara 1 ppm, kuma 1 ppm a rana ya isa. Yi lissafi da ainihin ruwan da ke ciki, domin tankin da aka rubuta wa lita 250, bayan duwatsu da yashi, da wuya ya wuce 200. A nemi sinadari mai tsabta na ɗakin gwaji ko na abinci. Takin gona yana ɗauke da ƙarafan da ke kashe murjani.

Wata alamar sifili ita ce wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa da ke jan zare a kan yashi da duwatsu, da 'yan kumfa a maƙale, ya ɓace da dare ya dawo da rana. Wannan annobar tana son ruwan da aka tace fiye da kima.

Idan kuma akasin haka ne, naitiret 40, fosfet 0.3, murjani ya yi duhu, hankalinka ya kwanta: murjani mai ruwan ƙasa ƙosasshe ne, ba ya bakin mutuwa. Sauke su a hankali. Canjin ruwa na kashi 20 cikin ɗari yana rage naitiret da kashi 20 ne kawai: daga 40 zuwa 32, sai 26, sai 20 a canji na uku. Yi ɗaya kowane mako, ka zuƙe dattin da ya taru a tankin ƙasa da bayan duwatsu, ka wanke audugar tacewa duk kwana uku. GFO a fara da rubu'in abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Faɗuwar fosfet daga 0.3 zuwa 0.03 cikin kwana biyu ta fi zamansa a 0.3 illa nesa ba kusa ba. A shimfiɗa saukar a kan wata guda ko fiye.

Mataki na biyar: alkaliniti da 'yan uwansa

Alkaliniti shi ne ma'aunin kabonet ɗin da murjani ke gina ƙashi da shi. Ruwan teku yana wajen 7 dKH. A tanki 7.5 zuwa 9 ya yi. Tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi lambar kanta muhimmanci. Auna shi kwana biyar a jere a sa'a ɗaya. Idan yana lilo da fiye da rabin dKH daga yau zuwa gobe, ka samo ɗaya daga cikin masu laifi.

Akwai wata alama da ba ta ɓuya: kan rassan Acropora ya yi fari kamar an ƙona shi da ashana, tsoka ta janye daga tsinin. Wannan na faruwa idan alkaliniti ya haura 9 ko 10 alhali naitiret da fosfet suna ƙasa. Ƙashi na tsawo da sauri, tsoka ba ta da abincin da za ta bi shi. Kada a rikita shi da farin tsinin girma, wanda yake sumul da tsoka a kansa. Maganinsa a dakatar da zubawa a bar lambar ta sauko da kanta zuwa 7.5 ko 8. Duba kuma sabon gishirinka: wasu nau'o'in suna haɗuwa a 11 ko 12 dKH, babban canjin ruwa da irinsu duka ne ga tankin da ya saba da 7.5.

Don ɗagawa, giram 3 na bekin soda a kowace lita 100 na ƙara 1 dKH. A narkar a tataccen ruwa, a zuba a hankali inda ruwa ke gudu, kada a wuce rabin dKH a rana. Bekin fauda ba ya wannan aikin, kanwa kuma, duk da danginsu ɗaya, tana tafe da ƙasa da gishirin da ba a san adadinsu ba. Kalsiyam a riƙe shi 400 zuwa 450 ppm, magniziyam 1250 zuwa 1350. Duk 1 dKH da murjani ya sha yana tafiya da kusan 7 ppm na kalsiyam, don haka kalsiyam a hankali yake motsi, kuma da wuya shi kaɗai ya koɗar da launi.

Mataki na shida: haske

Ido mugun alƙali ne a nan. Shuɗin haske yana yi mana kamar duhu-duhu alhali ga murjani rana ce tsaka, shi ya sa mutane da yawa ke ƙure fitilar LED suna ganin kamar bai isa ba. Ana auna hasken da PAR, ma'aunin hasken da gansakuka ke haɗa abinci da shi, da na'ura irin Apogee MQ-510. Ko aro ne a yi, a auna wuri goma a cikin tankin da famfuna a kunne, a zana taswira a ajiye. Masu laushi irin su Zoanthus da masu kamar laimar kwaɗi suna jin daɗi a 50 zuwa 150. Masu manyan bakuna irin su Euphyllia, 75 zuwa 150. Montipora da Acropora, 200 zuwa 350. Sa'a takwas zuwa tara na cikakken haske sun wadatar.

Idan saman rassa ne ya koɗe, rage ƙarfin fitila da kashi 25 zuwa 30, ko ka sauke murjanin ƙasa da taƙi ɗaya, ka bar shi mako uku. Daga nan a riƙa ƙara kashi 5 a mako. Fitilar da ba ta da maɓallin ragewa, a shimfiɗa ragar taga ninki uku a ƙarƙashinta, a riƙa cire ɗaya duk mako. Haka ake yi wa duk sabon murjani, da duk sabon ƙwan fitila: bututun T5 yana raguwa a hankali, ana canza shi bayan wata tara zuwa goma sha biyu, kuma canza su duka rana ɗaya kan ƙona tanki.

Akwai hanyoyi biyu da haske ke ƙaruwa ba tare da ka taɓa fitila ba. Ɗaya, goge busasshen gishiri da ƙurar hunturu da suka daɗe a kan murfin gilashi. Biyu, saka sabon gawayin tacewa a ruwan da ya yi rawaya. Ɗebi ruwan tanki a farin bokiti, ka ajiye kusa da wani farin bokiti na sabon haɗi. Idan na tankin ya yi kalar shayi marar ƙarfi, rawayar nan tana tare shuɗin haske, kuma gawayi zai ɗauke ta cikin kwana ɗaya. Fara da rabin awo, ka rage fitila kaɗan a makon.

Murjanin da ya yi duhu a ruwa mai kyau kuwa ƙarin haske yake nema, musamman shuɗi, domin shi ne ke sa shi ƙera furotin masu launi. A hau da shi sannu, mataki ɗaya duk mako biyu.

Mataki na bakwai: motsin ruwa, maƙwabta da ƙwari

Ruwan da ba ya motsi yana barin datti ya kwanta a tsakanin rassa, tsokar wurin ta shaƙe. Ga masu ƙananan bakuna, famfuna su juya ruwan tankin sau 30 zuwa 50 a sa'a, yana kaɗawa ta ko'ina. Famfon da ya saita bakinsa kan murjani ɗaya zai feɗe shi. Famfon da ya yi wata uku ba a wanke ba ya rasa ƙarfi mai yawa, a jiƙa shi a binega a goge.

Sa'a biyu bayan fitila ta mutu, zo da tocila. Galaxea da Euphyllia suna miƙa dogayen zaruruwa masu harbi, wani lokaci fiye da santimita 10, su ƙone gefen maƙwabci. Da rana ba za ka gan su ba.

Ƙwari uku ne suka fi yawa. Jajayen ƙudan Acropora, Tegastes acroporanus, ba su wuce rabin milimita ba, rawaya ne da ɗigon ja. Murjanin yakan rufe bakuna ya dusashe a hankali. Tsutsa mai faɗi mai cin Acropora launinta ɗaya da tsokar, sai dai ka ga tabon cizonta, 'yan farare zagayayyu, da gungun ƙwai ruwan ƙasa a gindin da ya mutu. Sai farin dodon-koɗi marar ɓawo da ke cin Montipora daga ƙarƙashi. Ciro murjanin ka sa a farar roba da ruwan tanki, ka zuba maganin tsoma murjani irin Coral Rx ko Revive bisa awo da mintunan da aka rubuta, ka riƙa fesa masa ruwa da sirinji, ka ga abin da zai zubo. Ɗauraye shi a wani ruwan tankin kafin ka mayar, ruwan maganin kuma a zubar. Maganin ba ya kashe ƙwai. A kankare su da tsinke ko a yanke gindin a yar, a maimaita tsomawar duk mako har mako shida.

Duk mai taɓa Zoanthus ko Palythoa ya sa safar hannu da tabarau. Wasunsu na ɗauke da dafin falitoksin, wanda ke shiga ta rauni ko ido, kuma kada a taɓa tafasa dutsen da suke kai ko a zuba masa ruwan zafi, tururinsa na kwantar da mutanen gida gaba ɗaya.

Mataki na takwas: guba

Idan duk na sama sun fito daidai, ko kuma tankin ya koɗe cikin dare ɗaya har dodon-koɗi suna faɗowa daga gilashi, nemi guba. Fara da ruwan da kake haɗawa: na'urar RO/DI mai tace ruwa ta ba da sifili a ma'aunin TDS, wanda ke nuna abin da ya narke a ruwa. Ruwan famfo, na burtsatse da na leda duk ba su dace ba. Ciro kowane maganaɗisu na famfo da na goge gilashi ka duba ko ya kumbura ko ya tsage yana tsatsa. Nemi kan famfo na tagulla a layin ruwa, ƙusa ko reza da ta faɗa tankin ƙasa, da waya da ta ɓare. Jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani, don haka tankin da aka taɓa yi wa kifi magani da shi ba a sa murjani a ciki. Fiya-fiya da sauran maganin sauro na fesawa kada su shiga ɗakin. Sikima tana zuƙar iskar ɗaki tana cusa ta cikin ruwa kai tsaye. Hannu mai man shafawa ko turare shi ma haka.

Taimakon farko: canjin ruwa kashi 25 cikin ɗari da ruwan da zafinsa da gishirinsa da alkalinitinsa suka yi daidai da na tanki, sabon gawayi, a maimaita bayan kwana biyu. Kafin canjin, ɗebi samfur ka aika gwajin ICP, na auna sinadaran ruwa a ɗakin gwaji, irin wanda kamfanonin Triton da ATI ke yi a Jamus. Shi zai nuna jan ƙarfe, kuza, zinki, da kuma ko fotasiyam ya sauka daga wajen 400 ppm da ake so. Kwalaben "ƙarin launi" sai bayan wannan sakamakon. Abin da ba ka auna ba kada ka zuba shi, musamman aidin, wanda tazarar da ke tsakanin isarsa da yawansa ƙanƙanuwa ce.

Jinyar wanda ya riga ya yi fari

Murjanin da ya rasa gansakukarsa ya rasa gonarsa, da baki kaɗai zai rayu kafin ta dawo. Sauke shi inda haske yake kusan rabin wanda ya saba, da motsin ruwa matsakaici. Sau biyu ko uku a mako, bayan fitila ta mutu, kashe famfon da ke mayar da ruwa na minti 15, ka dama garin abincin murjani kaɗan, misalin kan ƙaramin cokali ga tanki mai lita 200, ka fesa masa a hankali da sirinji. Masu manyan bakuna a ɗora musu ɗan jatan lande ƙanana a baki. Ci gaba da auna fosfet, don wannan ciyarwar tana ɗaga shi.

Alamar farko ta samun sauƙi ruwan ƙasa ce, ɗigo-ɗigo, galibi daga gefen da ke inuwa. Mutane kan ɓata rai da ita, alhali ita ce gansakukar ke dawowa. Wannan kan ɗauki mako uku zuwa shida. Kore da shuɗi na asali kuma sai wata biyu zuwa shida. Kada a fara ƙara haske sai ruwan ƙasan ya game jiki.

Inda tsoka ke saɓulewa kuwa ba a jira. Idan layin yana ci gaba kullum, ciro murjanin, ka sa almakashin ƙashi ka yanke rassan masu lafiya kamar rabin santimita a cikin tsoka mai kyau, nesa da layin. Ɗauraye su a ruwan tanki mai tsabta, ka ɗiga sufa gulu mai kauri a kan ɗan dutse, ka dasa kowane reshe daban, ka rarraba su wurare biyu ko uku a tankin. Ragowar da ke ruɓewa a fitar da shi a ranar, kada yauƙinsa ya bi ruwa ya sauka kan na kusa da shi.